Ƙofofin Alƙahira

Duk wanda ya taɓa sayen busasshen barkono a Kasuwar Ose Okwodu ta Onitsha, da wuya a ce bai san Malam Bubayero ba. Shi ne dogon dattijon nan mai siririn gemu wanda rumfarsa ke can ƙarshen layin 'yan albasa, daidai inda hanya ta rabu biyu. Mutumin Kumo ne, ta wajen Gombe. Ya zo garin nan yana saurayi a bayan motar shanu da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma, ga shi yau jikokinsa sun fi jin Ibo a kan Fulatanci.

Ya iya ciniki, kuma ba a taɓa kama mudunsa da bugaggen gindi ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi a kasuwa shi ne sanin hanyar fita. An taɓa yi masa tayin rumfa a tsakiyar layi inda jama'a ta fi cika, ya ce ya gode, ya fi son wadda ke da hanya biyu. A masallaci kullum yana gefen sahu, kusa da ƙofa. In an gayyace shi suna ko ɗaurin aure, sai ya zagaya gidan tukuna kamar wanda ya zo saye. Abokan sana'a suna ce masa Sarkin Ƙofa, shi kuwa ya yi murmushi ya ci gaba da tsince barkononsa.

Ba haka aka haife shi ba. Shekarun baya, ranar da rikici ya ɓarke a gari aka shiga farautar 'yan Arewa, shi ya fito da matarsa Rakiya da 'ya'yansu ta lungun masu kifi, autarsu Ikram tana kafaɗarsa. Wata 'yar Ibo mai sayen barkono a wajensa ta ɓoye su a tsakanin buhunan garin rogo har ihu ya yi nisa, sannan suka ƙetare gada zuwa Asaba a ƙafa. Wasu da suka yi sallar asuba tare da shi ba su ga ta azahar ba. Ba ya ba da labarin nan. Amma tun daga lokacin ya koyi jin gari da kunne. In mata masu kifi suka fara tattara farantansu kafin la'asar, in 'yan keke mai ƙafa uku suka ɓace daga bakin titi, in maƙwabtansa Ibo suka sauke murya da ganinsa, to kafin kowa ya farga Malam ya ɗaure bakin buhu.

Ita autar nan Ikram ce ta samu tallafin karatu zuwa Masar, ta je tana koyon harhaɗa magunguna a Alƙahira. Ya yarda ta tafi ne don an ce ƙasar Musulmi ce, kuma daga nan ya kulle maganar a ransa bai ƙara leƙa ta ba. Tun tafiyarta sau ɗaya ta zo hutu. Bana ta gama, kuma yayanta Ahmad, mai cinikin shanu a Fatakwal, ya ce shi zai ɗauki nauyin iyayensu su je bikin kammalawa, su ƙara 'yan kwanaki su buɗe ido. Aka yi fasfo, aka buga biza. Rakiya ta kai ɗinki, ta fara tara kuka da daddawa da yajin da za ta kai wa 'yarta. Ita duk rayuwarta Gombe ce da Onitsha da titin da ya haɗa su.

Malam bai ce a'a ba. Cewa ya yi a tsara masa tafiyar tukuna, ya san inda za a sa ƙafa.

Ranar Litinin ake zaman tsarin, tunda ranar gari a kulle yake saboda dokar zaman gida da 'yan aware suka sa, ba kasuwa, ba wanda ke fita sai mai neman magana. Bayan azahar Rakiya takan jingina waya da filas ɗin shayi, fuskar Ikram ta bayyana, tana dariya tun kafin ta gama gaisuwa. Litinin ta farko ta zo da shirinta cikin ɗoki. Za a fara da dalar Giza, waɗannan manyan gine-ginen dutse masu tsini da ake gani a hoto. Washegari a yi azahar a Masallacin Azhar, a shiga tsohuwar kasuwa da ke kusa a yi tsaraba. Da yamma kuma a hau jirgin ruwa a Kogin Nilu a sha iska.

Malam ya saurara har ta gama, ya gyara zama, ya ce duk wannan ya ji, amma an tsallake na farko.

"Wanne, Baba?"

"Gaisuwa. Wa za mu fara zuwa wa? Ina gidan Sarkin Hausawa?"

Wannan ba tambayar wasa ba ce a wajensa. Duk garin da ɗan kasuwa ya sauka a Kudu, ko Enugu ce ko Fatakwal, kafin ya kwance kaya sai ya je ya gaida Sarkin Hausawa, ya faɗi sunansa da garinsu da masaukinsa. In abu ya taso, akwai wanda ya san da kai, akwai zauren da za ka gudu. Ikram ta ce ita dai ba ta san da wani sarki ba. Akwai shugaban ɗalibai 'yan Najeriya, amma ƙaninta ne a shekaru, kuma yawanci a filin ƙwallo ake samunsa. In kuma wata matsala ce babba, akwai ofishin jakadanci. Malam ya ce ofishi ba ya buɗe maka ƙofa ya shimfiɗa maka tabarma. Rakiya ta ga yatsunsa suna jan carbi da sauri fiye da yadda zikiri ke buƙata.

Daga nan aka shiga bin wuraren ɗaya bayan ɗaya. Dalar nan, ya tambaya, ƙofarta nawa? Ikram ta ce ta inda aka shiga ta nan ake fita, kuma sai mutum ya sunkuya, don hanyar matsattsiya ce. Me ke ciki? Ta ce asalinta kabarin wani tsohon sarkinsu ne.

"Fir'auna ke nan."

"Ba lalle wancan ba, Baba. Suna da yawa."

"Auta, ni da ƙafata in sunkuya in shiga kabarin Fir'auna, mai ƙofa ɗaya, bayana mutane, gabana mutane. Cire."

Ta ce ai ba dole a shiga ba, ana iya tsayawa daga waje a hau raƙumi a ɗauki hoto. Ya tambayi abin da ke kewaye da wurin, ta ce gefe ɗaya gari, sauran hamada. Ya ce to in an taso daga gari, hamada za a nufa? Aka cire dala, ciki da waje.

Da a ce a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma a rumfar da ke kusa da tasa akwai Maikuɗi mai albasa, wanda ya taɓa zuwa Umara jirginsu ya ya da zango a Alƙahira, don haka duk layin ake ɗaukarsa masanin Masar. Iyakar abin da ya gani kujerun filin jirgi ne da wani shayi da bai yi masa ba, amma wannan bai hana shi bayani ba. Ya ce garin nan mutanensa sun fi na Legas, kuma duk kamarsu ɗaya, ba ka gane mai fushi da mai gaisuwa, don dukansu da ƙarfi suke magana. Ya ce Larabcinsu ba irin na littafi ba ne, liman guda ya gani yana magana da su da hannu. Yana faɗa yana ɓare goro, yana duban Malam ta gefen ido. Ba mugunta ba ce, Maikuɗi dai in ya samu mai saurare ba ya iya tsayawa.

Maganar Larabcin nan ita ta zauna wa Malam a ƙirji. A Onitsha yana jin Ibo, yana jin Turancin kasuwa, yana jin har abin da ba a faɗa ba. A can kuwa kurma zai zama. Mata za su tattara farantansu a gabansa ya ɗauka tashin kasuwa ne. Za a sauke murya bai san an sauke ba. Abin zai iso har inda yake tsaye da iyalinsa yana taya hula. Ya fara kasa cin abinci sosai, yana tauna loma ɗaya kamar ƙirgi. Mai saye zai ce mudu biyu ya auna uku, sai an taɓa shi ya dawo.

Litinin ta biyu aka cire tsohuwar kasuwa, saboda Ikram ta yi kuskuren cewa lungunanta sun yi kama da juna har ita takan ɓata. Jirgin ruwa ko bayani bai tsaya ji ba, ya ce abin da ba a iya sauka daga kansa a ruga ba abin hawa ba ne. Masallacin Azhar ya daɗe yana juya shi, don yana jin kunyar cire masallaci, a ƙarshe ya ce ai salla ko'ina aka yi ta an yi. Ikram ta daina dariya. Ta ce, cikin Ibo don kada abin ya yi nauyi, saura filin jirgi da ɗakinta. Ya ce da zauren bikin. Sannan ya tambayi mutum nawa zauren ke ci, ta faɗa masa gaskiya.

Rakiya tana gefe duk zaman nan tana tankaɗen kuka. Ba wanda ya waiwaye ta.

Litinin ta uku bai bari an jingina waya ba. Ya kira Rakiya ya ce ya yi tunani. Abin da ya fi shi ne yarinya ta karɓi takardarta ta dawo gida, a yanka rago, a tara mutane, a yi mata addu'a a inda aka san kowa. Tafiyar nan a bar ta. Ya yi maganar yana duban tabarma. Rakiya ta ce to. Ta tashi ta ɗauke filas, ta wanke kofuna, kuma da la'asar ya ji ta a ɗaki tana ninke sababbin kayanta tana warwarewa. Ya je har bakin ƙofa, sannan ya juya. Kwana biyu gidan ya yi tsit, ana gaisawa, ana ajiye abinci, ana kwashewa.

Ranar Alhamis da hantsi yana rumfa sai ya ji abin da kunnensa ya shekara yana jira. Ƙarar ƙafafu ce daga wajen 'yan tumatir, da yawa, duk gefe ɗaya suka nufo. Faranti ya faɗi. Wata mata ta yi kururuwa da Ibo tana kiran ɗanta. Bai tsaya tambaya ba, bai ɗaure buhu ba, ko takalmi ƙafa ɗaya ya samu. Ya bi hannun hagu, ya kutsa ta lungun masu kifi, ya tsallake kwata, ya bi bayan shagunan roba. Numfashinsa yana fita da ƙara, gwiwoyinsa suna tuna masa shekarunsa, kuma a kunnensa ihun yau ya haɗu da na wancan lokaci har ya kasa rabe su. Abu ɗaya ne a ransa: ya isa gida ya fito da Rakiya.

Ya tarar da ƙofa a kulle da kwaɗo.

Ya buga, ya kira sunanta da muryar da bai san tasa ba ce. Maƙwabciyarsu ta leƙo da ludayi a hannu ta ce Maman Ikram ta fita tun safe da babban hijabinta, kuma ta tambaye ta inda ake samun keken Upper Iweka. Malam ya dafa bango. Upper Iweka, inda hanyoyi suka haɗu, inda motocin Arewa ke lodi, inda in abu ya tashi nan ake fara nufa. Rakiya ba ta taɓa zuwa wurin ita kaɗai ba. Ya kira wayarta, ya ji tana ƙara a cikin ɗaki.

Ya tare keke ya faɗa ciki ba ciniki. A hanya idonsa yana nuna masa shaguna a buɗe, masu talla suna talla, amma zuciyarsa ta ƙi karɓa. Wayarsa ta yi ƙara, Maikuɗi ne, yana dariya har yana tari. Wai bijimi ne ya kuɓuce wa mahauta ya shiga layin tumatir, an riga an kama shi, kuma ga takalmin Sarkin Ƙofa ƙafa ɗaya an ajiye masa. Malam ya ce alhamdulillahi ya kashe wayar. Bai ce mai keke ya juya ba.

Upper Iweka tana nan yadda take, hayaƙi da hon da 'yan kamasho suna jan hannun mutane. Ya ratsa su da ƙafa ɗaya a takalmi, yana duba fuska bayan fuska. A tashar motocin Abuja ya hango ta, zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, jakarta a cinya, tana kallon masu lodi kamar wadda ta zo kallon wasa. Ta gan shi, ta dubi ƙafarsa, ta matsa masa wuri.

Bai zauna ba. Ya tambaye ta me ya kawo ta nan, ita kaɗai, ba waya, ba sallama.

Ta ce ta zo ta kama kujera ne a motar Abuja ta ranar da jirgi zai tashi. Yayan Ikram zai tare ta a can ya sa ta a jirgi, Ikram ta karɓe ta a wancan gefen.

"Ba da izinina ba?"

"Ban tafi ba, Malam. Kujera na kama. Izinin yanzu nake nema. In ka ce a'a, mu koma gida."

Ya san gaskiya ta faɗa. In ya ce a'a za ta tashi ta bi shi, ta dafa tuwon dare, ba za ta ƙara tayar da maganar ba har abada. Kalmar tana bakinsa.

Rakiya ta gyara jakar a cinyarta. Ta ce, a hankali, ba tare da ta dube shi ba, "Duk lungun da ka ce a bi na bi, ban taɓa tambaya ba, kuma Allah ya sa ka fitar da mu. Amma yarinyar nan ita kaɗai ta zauna a garin da kake tsoro, shekara da shekaru. Ranar da za a kira sunanta ina so in ta waiwaya ta ga wani nata."

Malam ya tsaya yana dubanta. Sai ya hango ta a can. Rakiya a tsakiyar filin jirgin da ba ta iya karanta allunansa. Rakiya a cikin zauren nan mai cin dubban mutane, ita da in ta shiga wuri tsakiya take nufa don ta fi gani, ita da in ana gudu wani ya zubar da kaya sai ta tsaya taya shi tsincewa. Ita da Auta su biyu a titin da ba wanda ya san sunan garinsu, shi kuwa yana nan a rumfa mai hanya biyu yana auna barkono. Wannan tsoron ya fi wancan girma, ya zo ya danne shi.

Mai yankan tikiti, wani ƙaton ɗan Ibo da ke bayan taga, ya gaji da kallonsu. "Alhaji, you dey go or you no dey go?"

Malam ya matsa kusa da tagar. Ya ce a ƙara kujera ɗaya, kusa da tata. Ya faɗi sunansa aka rubuta.

Ya dawo ya ciro waya ya kira Ikram a nan cikin hayaniyar. Ta ɗauka a tsorace, don ba Litinin ba ce. Ya ce lafiya lau, suna tafe, su biyu. Ya bar ta ta gama murnarta, sannan ya ce game da wuraren nan da aka cire, shi ya gama nasa zaɓin, kuma bai yi kyau ba. A tambayi Ummanta abin da take so, shi za a yi.

Ya miƙa wa Rakiya wayar. Ta karɓa da hannu biyu kamar baƙon abu, don ba ta saba a tambaye ta ba. Ta ce dalar nan ba ta dame ta ba, kabari kabari ne. Masallaci tana so, kasuwa ma tana so, za ta sayo wa jikoki jallabiya. Amma wanda ta fi so shi ne jirgin ruwa. Ta ce tun tana amarya take ganin Kogin Kwara ta bayan kasuwa, tana ganin mata suna hawa kwalekwale da kwandunansu suna hira, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa jin yadda ruwa ke ɗaukar mutum ba.

Muryar Ikram ta fito daga wayar, a hankali. "Baba, har da jirgin ruwan?"

Malam ya rufe ido. Ya ga kogi mai faɗi, ya ga kansa a tsakiya, gaɓa ta yi nisa ta kowane gefe.

"Har da shi," ya ce.

Daga nan ya zauna a wurin da ta matsa masa tun ɗazu. Gumi ya jiƙa masa riga. Rakiya ta kira wata mai tallan ruwa ta saya masa leda ɗaya, ta fasa bakin da haƙori ta ba shi. Ya sha rabi ya zuba rabi a ka. Ba ta ce ya tashi ba, ta zauna kusa da shi tana jira jikinsa ya dawo, motocin Arewa suna ta lodi a gabansu.